Yadda Ake Shiga Gandun Daji Kallon Namun Dawa

Ranar da na fara shiga gandun daji kallon dabbobi, sai da na yi barci na ƙoshi, na karya kumallo a natse, sannan muka fita wajen ƙarfe tara. Muka yi awa huɗu muna shan ƙura, ba mu ga komai ba sai birai da gadu guda biyu. Na dawo ina ƙorafi wai dajin ba dabbobi. Ashe dabbobin suna nan, ni ne na makara. Tun daga lokacin na shiga dazuzzuka da dama, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne abin da na so a ce wani ya gaya mini kafin wannan fitar.

Kayan da za ka tanada

Madubin hangen nesa shi ne na farko, ya fi kyamara muhimmanci. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa: 8 ɗin yana nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda ke ba shi damar ɗaukar haske da asuba da magariba. Mai lamba 12 ko 16 yana ruɗin sabon shiga, amma a cikin mota hoton rawa yake yi. Kowa ya riƙe nasa, domin kafin a miƙo maka na wani, damisa ta shige ciyawa.

Tufafi su kasance masu launin ƙasa, toka-toka ko kore mai duhu, masu dogon hannu, marasa nauyi. Ka guji shuɗi da baƙi a dajin da ke da ƙudan tsando, waɗannan launukan ne ke jawo shi, cizonsa kuwa yana ratsa riga. Fari kuma yana ƙyalli daga nesa, ga saurin dauɗa. Kada ka sa kaya masu zanen kakin soja, ƙasashe da yawa sun haramta wa farar hula. Haɗa da rigar sanyi guda, ko da ƙasar mai zafi ce, da hula mai faɗin baki, da takalmi sau-ciki, da ƙyallen rufe hanci saboda ƙura.

Sauran: gorar ruwa, tocila, maganin shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET, man kare fata daga rana, magungunan da kake sha kullum a cikin kwalinsu na asali, gishirin haɗa ruwan zawo, filasta, batir na ajiya da na'urar cajin waya. Takardu kuwa: fasfo, biza idan ana buƙata, katin rigakafin shawara, da takardar inshorar da ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga daji zuwa asibiti. Duk ka zuba su a jaka mai laushi. Ƙananan jiragen da ke sauka a filayen cikin daji a gabashin Afirka yawanci ba sa karɓar abin da ya wuce kilo 15, kuma ba sa son akwati mai tauri.

1. Zaɓi daji da lokacinsa

Fara da tambayar kanka me kake son gani, domin kowane daji da abin da ya shahara da shi. Serengeti a Tanzaniya, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 14,750, da Masai Mara a Kenya da ke manne da shi, su ne wurin ƙaurar dabbar nan dangin gwanki da Suwahili ke kira nyumbu, fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa. Luangwa ta Kudu a Zambiya ta yi suna wajen damisa da yawon ƙafa. Chobe a Botswana giwaye ne kamar ƙasa. Yankari a Najeriya na da giwaye, ɓauna da gwanki. Kaziranga a Indiya ita ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na karkanda mai ƙaho ɗaya a duniya.

Ƙa'idar lokaci ɗaya ce kusan ko'ina: rani ya fi. Ciyawa ta bushe ta kwanta, ido yana kaiwa nesa, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su taru a ruwan da ya rage. Sai dai rani ba wata ɗaya yake faɗowa a ko'ina ba. A yammacin Afirka daga Disamba zuwa Afrilu ne, a kudancin Afirka daga Mayu zuwa Oktoba, a gabashin Afirka daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba, da kuma ɗan rani a Janairu da Fabrairu. Mai son ganin nyumbu na tsallaka kogin Mara ya je tsakanin Yuli da Oktoba, mai son ganin haihuwarsu ya je kudancin Serengeti a Fabrairu. Dazuzzukan Indiya da dama rufe su ake yi gaba ɗaya idan damina ta kankama.

Idan damina kaɗai kake da sarari, kada ka fasa. Daji ya yi kore shar, tsuntsaye sun cika, jariran dabbobi ko'ina, mutane kuma kaɗan. Amma ka shirya wa taɓo da hanyoyin da suka yanke.

Kwana nawa? Kada ya gaza dare uku a daji guda. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya jera dazuzzuka biyar cikin mako ɗaya, ya ƙare da kallon kwalta.

2. Je wurin likita tun da wuri

Makonni huɗu zuwa shida kafin tafiya. Allurar shawara sai ta cika kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Wasu ƙasashen ba za su bar ka ka wuce filin jirgi ba tare da katin ba, musamman idan ka fito daga ƙasar da cutar take.

Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro iri-iri ne, kuma kowanne da tsarinsa: wani ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, wani makonni biyu zuwa uku. Likita ne zai zaɓa maka, musamman ga mai ciki da ƙananan yara. Kada ka saya da ka.

3. Nemi mota da ɗan jagora

Nan ne tafiya ke yin kyau ko ta lalace. Jagora nagari cikin tsohuwar mota ya fi sabuwar mota da direban da bai san daji ba. Kafin ka biya, tambaya: yana da lasisin aiki a wannan dajin? Mutum nawa ne a motar, kuma kowa zai samu gefen taga? Kuɗin shiga gandun yana cikin abin da aka caje ka ko daban ne? Akwai iyakar kilomita da aka sa wa direba a rana? Wannan ta ƙarshen mutane ba sa tunawa da ita sai sun ga direba ya ƙi bin hanya mai nisa. A rubuta komai.

Masauki a cikin gandun ya fi na waje, ko da tanti ne. Wanda ya kwana a waje sai ya bi layi a ƙofa da safe, kafin ya shiga rana ta fito.

Idan ba ka da halin ɗaukar mota kai kaɗai, shiga ta haɗaka da wasu. Idan kuma kana son tuƙa kanka, akwai dazuzzukan da suka yarda da haka, irin su Kruger a Afirka ta Kudu da Etosha a Namibiya, inda hanyoyi ke da alamomi. A Kruger gudu ba ya wuce kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a kan burji, kuma gaskiyar magana wanda ke wuce 25 ba abin da zai gani. Cika tanki, ɗauki taya ta ajiya da taswirar takarda don waya na iya rasa sabis, ka kuma san lokacin rufe ƙofa. A dajin da ba alamomi, ɗauki jami'in gandun ya zauna kusa da kai.

4. Yi sammako

Ka kasance cikin mota kafin gari ya waye sosai, wajen ƙarfe shida. Zaki da kura da damisa da dare suke farauta, kuma awa biyun farko na safiya ne za ka same su suna tafiya ko suna kan abin da suka kama. Da rana ta ɗaga, zaki ya shige inuwa, yana iya kwashe awa goma sha shida zuwa ashirin a kwance cikin yini guda. Fita ta biyu daga la'asar ce zuwa faɗuwar rana. Tsakar rana ta hutu ce, gare ka da su.

Sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota ba wasa ba ne. A bakin ramin Ngorongoro a Tanzaniya, wurin da ya haura mita 2,000 sama da teku, na ga mutane suna karkarwa cikin riga mai gajeren hannu saboda an ce musu Afirka zafi ce. Sa kaya bisa kaya, ka riƙa cirewa yayin da gari ke ɗumi. Kuma ka zaga bayi kafin fita, don ba ko'ina ake tsayawa ba.

5. Koyi kallo

Wannan matakin shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne ba a cika koyarwa ba. Sabon shiga yana neman dabba sukutum a tsaye a fili kamar a hoto. Dabbar daji ba haka take bayyana ba. Abin da za ka nema ɗan yanki ne: kunne da ya motsa, wutsiya da ke lilo daga reshen bishiya, layi a kwance a inda duk ciyawa take a tsaye, dutsen da ya yi santsi fiye da sauran duwatsu. Kalli cikin daji, ta tsakanin rassan, kada idonka ya tsaya a ganyen gaba. Fara da kusa, sannan tsakiya, sannan nesa. Duba ƙarƙashin kowace inuwa. Damisa kan hau da abin da ta kama saman bishiya don kada kura ta ƙwace, saboda haka manyan rassa da ke kwance a bakin rafi wurin dubawa ne.

Sannan ka bar dabbobin su gaya maka. Idan ka ga garken barewa duk sun daina kiwo sun zuba ido wuri guda, kai ma kalli can. Idan gogon biri ya yi haushi daga kan bishiya, ko zabi suka ɓarke da kuka ba ƙaƙƙautawa, akwai abin da suka gani. Ungulu da ke shawagi can sama ba lallai ta ga komai ba, amma idan suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, akwai mushe. Idan kuwa sun taru a kan bishiya sun ƙi sauka ƙasa, mai naman yana nan kusa bai tashi ba. Carki da ya tashi da kuka daga cikin kurmi yakan nuna akwai ɓauna ko wata babbar dabba a ciki.

Ƙasa ma tana magana. Da safe ka leƙa hanya: sawun zaki da damisa ba ya nuna farce, domin suna janye shi ciki, na kura kuwa yana nunawa. Idan sawun yana kan shatin tayar motar jiya da yamma, to da dare ko da asuba dabbar ta wuce. Kashin giwa mai ɗumi da rassan da aka karya ɗanye suna nufin garken bai yi nisa ba.

Abin da ya fi duk wannan shi ne zama. Ku sami wurin shan ruwa, a kashe inji, ku yi shiru na minti talatin ko arba'in. Minti goman farko za ka ga kamar ɓata lokaci ne. Daga nan tsuntsaye su dawo, gadu ya fito da wutsiya a miƙe, raƙumin dawa ya tsaya can yana nazari kafin ya ware ƙafafunsa na gaba ya sunkuya. Mafi kyawun abin da na taɓa gani a daji, a zaune na gan shi. Direbobi da yawa suna bin kiran rediyo, suna tsere zuwa inda aka ce an ga zaki, ka isa ka tarar da mota goma sha biyar sun kewaye dabba ɗaya. Ka gaya wa jagoranka tun farko cewa ba ka gaggawa. Yawancinsu daɗi suke ji, don sun gaji da baƙin da ke ƙirga dabbobi kamar masu cike fom.

6. Kiyaye dokar mota

Dabbobin da suka saba da motoci suna ɗaukar motar da mutanen cikinta a matsayin abu guda, babba, mara cutarwa. Da ka miƙe tsaye a buɗaɗɗiyar mota, ko ka zuro hannu da kai ta taga, ka fito da siffar mutum, kuma lissafin ya canza. Saboda haka zauna, yi magana ƙasa-ƙasa, kashe ƙarar waya da fitilar kyamara. Kada ka yi fito ko tafi don dabba ta waiwayo. Kada ka sauka sai inda aka keɓe. Idan mota ta lalace, zauna a ciki ku jira taimako, kada wani ya ce zai taka zuwa ƙofa.

Kada ka ba kowace dabba abinci. Birin da ya saba karɓa, gobe fizge zai yi, jibi ya ciji yaro, ƙarshenta a harbe shi. Kada a sauka daga hanya a bi dabba cikin ciyawa inda doka ta hana. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto haramun ne a yawancin gandaye sai da izini na musamman. Sharar ka kuma ka fito da ita. Kenya ta hana jakar leda tun 2017, Tanzaniya tun 2019.

7. San dabbobin da ke da haɗari

Mutane zaki suke tsoro, alhali giwa, ɓauna, dorina da kada sun fi shi jawo matsala.

Giwa a ba ta hanya. Kada mota ta shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada a tare wa garke hanyar ruwa, kuma a tsaya ta yadda za a iya ficewa ba sai an yi ribas mai tsawo ba. Idan ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, tana girgiza kai, gargaɗi take yi, a ja da baya a hankali. Toron giwa da ka ga ruwa mai maiƙo na zubowa tsakanin idonsa da kunnensa, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin kai na barbara, nesa da shi kawai.

Dorina da dare take fitowa kiwo, ta koma ruwa da asuba. Wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya shiga uku, domin duk nauyin nan nata ta fi mutum gudu. Tsohon ɓauna da ya ware shi kaɗai ba ya gargaɗi. Bakin kogi kuwa, ko ruwan ya yi kama da ba komai, kada ka matsa don wanke hannu ko ɗaukar hoto. Ban da kada ma, ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya.

8. Idan za ku yi yawon ƙafa

Wasu gandayen suna ba da damar tafiya a ƙasa tare da jami'i mai bindiga. Ku jeru layi ɗaya a bayansa, shiru, ba mai rabuwa. Idan kun yi kiciɓis da dabba, abin da ya ce shi za ka yi nan take. Kada ka ruga sai shi ya ce a ruga, gudu yana tayar wa mafarauciyar dabba sha'awar bi. Bayan kun dawo, duba jikinka da kyau saboda kaska, musamman ƙugu da bayan gwiwa.

9. Dare a masauki

Masaukai da yawa ba su da shinge. Bayan duhu kada ka fita kai kaɗai, kira mai rakiya. Zuge zif ɗin tanti har ƙasa, kada ka ajiye abinci a ciki. Shafa maganin sauro tun magariba, ka kwana cikin gidan sauro, don sauron da ke kawo zazzaɓi daga faɗuwar rana zuwa asuba yake cizo. Da safe zazzage takalmi kafin ka sa, kunama na son wurin. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a garzaya asibiti.

Sha ruwa fiye da yadda kake jin ƙishi, wanda aka tace ko aka tafasa. Ciwon kai da kasala da la'asar yawanci ƙarancin ruwa ne. Idan zawo ya kama ka kuma ba ka da gishirin haɗawa, zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

10. Hoto

Hasken safiya da na yamma ya fi kyau, kuma rana ta kasance a bayanka. Roƙi direba ya kashe inji kafin ka ɗauka, ka ɗora kyamarar a kan rigar da ka naɗe a bakin taga. Mai waya kaɗai kada ya wahalar da kansa da zuƙo abin da ke nesa, hoton dishi-dishi zai fito. Ya ɗauki faɗin daji da bidiyo, ko ya manna idon wayar a bakin madubin hangen nesa. Rufe kayan da ƙyalle saboda ƙura. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun kuwa, sai ka nemi izininsu kafin ka ɗauke su. Idan ka ɗauki karkanda, cire bayanin wurin daga hoton kafin ka sa a intanet, don masu farautar ƙahonta suna bibiya.

11. Fita da komawa gida

Kada ka ɗauko komai daga daji, ko ƙashi ne ko ƙaho ko gashin tsuntsu. A kasuwar tsaraba ka guji duk abin da aka yi da hauren giwa, fatar damisa ko ƙoƙon kunkuru. Yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun dawa da tsirrai a duniya, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun shawarar 1989, kuma a filin jirgi ba a sauraron "ban sani ba". Ka yi wa jagora da ma'aikatan masauki ihsani gwargwadon yadda aka saba a wurin.

Maganin zazzaɓin da ka fara, ka ƙarasa shi bayan ka dawo: wani kwana bakwai ake ci gaba da sha, wani makonni huɗu. Nan ne mutane suka fi sakaci. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin makonni ko watannin da suka biyo baya, je asibiti a ranar, ka faɗa wa likita dajin da ka shiga da ranar da ka fito, ka kuma ambaci cizon ƙudan tsando ko kaska idan an yi.